Yadda Baba Ya Cika Mana Burauza da Baƙi

Shekarun baya, ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, can arewa da Sinnar, gwiwoyin mahaifina suka ce sun gaji. Mutum ne da tun yana saurayi ƙafarsa ke cikin lakar hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a filin ban-ruwa, daga auduga sai dawa, daga dawa sai gyaɗa. Ranar da aka sako ruwa daga madatsar Makwar, ko karyawa ba ya tsayawa yi. Likita ya duba shi ya ce in yana son ya ci gaba da zuwa masallaci da ƙafarsa, to shi da laka sun yi sallama. Ya miƙa wa ƙanena gonar, ya dawo gida ya zauna.

Wanda bai san Baba ba zai ce hutu ya samu. Mu da muke gidan mun san ba haka ba ne. Sai ya wuni a kan angarib, gadonmu na igiya, a cikin diwan, ɗakin baƙin da ke bakin ƙofa wanda 'yan'uwanmu na yamma ke ce wa zaure, yana kallon bango. Abokansa suna gona, in sun dawo sun gaji. Tsohuwar rediyonsa kuwa shuuu ɗinta ya fi maganarta yawa. Mutumin da in ya kama labari sai mahaifiyata ta tuna masa tuwo ya huce, shi ne aka koma ana roƙonsa ya ce wani abu. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ina gani tsufa na shigarsa da gudu.

A shekarar ne yayana da ke aiki a Jidda ya aiko mini da kwamfuta, irin ta ɗorawa a cinya. Ta sha jiki, amma da sauran numfashinta. Na sayi modem ɗin nan mai kama da filas ɗin adana bayanan kwamfuta, wanda sai ka zagaya gida da shi kana lallashi kafin ya kama. Duk faɗin gidanmu babu inda ya yarda da shi sai tagar diwan, don haka can nake zama da kwamfutar in ba kowa.

Wata rana ina ta dube-dube na faɗa kan wani shafi da ake sa tafsiri da Hausa, na wani malami daga ƙasar Sakkwato, kullum da sabon karatu, a gefe kuma ga labaran duniya. Na kunna don in ji kawai. Baba yana kwance ya juya mini baya, sai na ga ya tashi zaune ya ce in ƙara murya. Ku da kuke can yamma ba za ku gane abin ba sai na faɗa muku. Hausarmu ta nan ta sha Larabci har ta ƙoshi, ɗalibaina in na yi musu magana da Hausa da Larabci suke ba ni amsa. Baba ya ce akwai kalmomin da malamin nan ya faɗa waɗanda rabonsa da jin su tun rasuwar kakarsa. Bai yarda na kashe ba har aka kira magariba.

Washegari ya aika aka kira masa Liman, abokinsa tun suna riƙe allo. Liman ya zo da mutum ɗaya, wannan ya zo da wani, kafin ka ce kwabo diwan ya cika. Kullum bayan la'asar mahaifiyata na soya kofi a gawayi, ana shiga da jabana, wato butar kofi, tsofaffi sun jeru sun kasa kunne. In karatu ya ƙare sai gardama ta tashi a kan wata kalma, wannan ya ce haka kakansa ke faɗarta, wancan ya ce ƙarya ne. Baba ya dawo Baba. Ya koma aski a kan kari, yana tambayar ko an goge masa jallabiya, tun azahar yana leƙen ko akwai wuta. Ya zama mai masauki, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar wannan.

Matsala guda ce: mace ba ta zama cikin dattawa. Dole shi zai riƙa tuƙa kwamfutar da kansa. Na mayar masa da ita Larabci, tunda karatun Larabci ba baƙonsa ba ne, na nuna masa burauza, wato manhajar da ake bi ta cikinta a shiga intanet, mu nan mutasaffih muke cewa. Wadda ta zo da kwamfutar mai shuɗin harafi ce, shi ya sa Baba ya raɗa mata Mai Shuɗi. Na ce ya danna ta, ya jira, ya danna sunan malamin, shi ke nan. Bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Na je makaranta ina ta fankama, wai na koya wa tsoho kwamfuta, duk wadda ke da uba a gida ta kawo mini shi.

Ana cikin haka Mai Shuɗi ta fara nauyi. Sai na ga wasu layuka suna tsirowa a samanta, kowanne da ƙananan hotunansa da akwatin bincikensa. Yau ɗaya, jibi an samu ƙari, har shafin tafsirin ya koma ɗan siririn fili a can ƙasa, kamar mai leƙe ta ƙarƙashin ƙofa. Shafin farko da na saka ya ɓace, wani ya maye gurbinsa yana tallar maganin ƙiba da zoben sa'a. Ka buɗe abu ɗaya, wasu su biyo shi ba gayyata. Wani akwati kuma kullum sai ya taya mu murna, wai mun ci mota.

Ba wanda ban ɗora wa laifi ba. Na zagi modem, na zagi zafin rana, na buga wa yayana waya na ce ya aiko mana kwamfuta mai aljanu, in ya tashi kyauta nan gaba ya duba abin kirki. Na tsare ƙanena na ce shi ne ke taɓa ta in ba na nan, bawan Allah ya yi ta rantsuwa, shi da ko kunna ta bai iya ba. Ranar Juma'a nakan zauna in goge abin da na iya gogewa, kafin wata Juma'ar sun dawo har da 'yan rakiya. Ban taɓa kawo Baba a raina ba, don a ganina wanda bai san komai ba sai danna abu biyu, wace ɓarna zai iya?

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina duba aikin ɗalibai. Muryar malamin na fitowa ta taga, yana bayanin haƙƙin maƙwabci, sai kawai wani kiɗa ya ɓarke a kansa, irin na gidan rawa, da ƙarfin da ban san kwamfutar nan na da shi ba. Na ji Baba na bugun maɓallai, kuma duk bugu ɗaya sai wani kiɗan ya hau kan na farko. Wani tsoho ya yi a'uziyya. Can na ji an rufe murfin da ƙarfi, wurin ya yi tsit. Daga baya da na buɗe na ga abin da suka gani: mata ne suna rawa sun cika fuskar kwamfutar, tufafin jikinsu duka in an haɗa ba zai ɗinka hular jariri ba.

Liman ne ya fara tashi. Ya ce to, sai an jima, ya sa takalmansa, sauran suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ko kofin da aka zuba ba a sha ba. Da ɗakin ya zama ba kowa Baba ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bai ɗago ya dube ni ba.

"Uwata, ɗauke wanga abu ki hitar min da shi."

Na ɗauke ta na kai ɗakina.

Washegari ba wanda ya zo, haka jibi, haka gata. Baba ya daina fita masallaci, ya ce gwiwa ce, amma ni da mahaifiyata mun san gwiwa ba ta da laifi a nan. Ita ya faɗa wa abin da ke cinsa: da furfurarsa, a cikin ɗakinsa, da hannunsa, ya nuna wa limamin gari abin da ya nuna masa. Yanzu me za su ɗauka, in ba cewa abin da yake kallo ke nan in sun tafi ba? Mutum ne da bai tara dukiya ba, abin da ya tara a garin nan mutunci ne, kuma gani yake an zubar da shi a yammaci ɗaya. Ya koma kan angarib ya fuskanci bango, wannan karon ko rediyon ba ya kunnawa. Raina ya ɓaci matuƙa, har na yi niyyar in kai kwamfutar kasuwar Sinnar in sayar da ita ko nawa aka taya.

Abin da ya hana ni, taurin kai ne, ba hikima ba. Na ce sai na san ta inda ɓarnar ke shigowa. Wata safiya na kai masa shayi, na zauna na yi ta lallashi, na ce ba don ya ci gaba ba, ya dai nuna mini yadda yake yi sau ɗaya tak, ni da shi, murya a kashe. Da ƙyar ya yarda. Ya danna Mai Shuɗi, muka jira ta gama miƙarta. Sai ga wani ɗan akwati ya fito da rubutun Larabci, yana cewa don Allah ko za a yarda ya saka wani abu. A ƙasa ga muwafik, wato na yarda, ga kuma na sokewa. Baba ya matso, ya karanta shi a hankali tun daga farko har ƙarshe, ya yi bisimilla, ya danna muwafik. Wani ya fito, shi ma ya karanta, ya ba shi.

Na ce, "Baba, me ka danna yanzu?"

"Izini ya nema, na ba shi."

"Kullum haka kake yi?"

"To mi zan yi? Mutum ya zo da ladabi, har da don Allah, in ce mishi a'a?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na shiga bayani irin namu na malaman makaranta, na ce ba mutum ba ne, 'yan talla ne da mayaudara suke baza waɗannan akwatuna ga duk duniya, ba su san shi ba, ba su san garinmu ba. Ya ce to da kansa rubutun ya rubuta kansa? Ai ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta, kuma ya nemi izini kafin ya shigo, wanda ko 'ya'yan yanzu ba kowa ke yi ba.

Daga nan ya ɗauko mini abin da na sha ji tun ina yarinya, amma ban taɓa zaton zai biyo mu har cikin kwamfuta ba. Ya ce kakansa da ƙafa ya taso daga yamma zai tafi Makka, da mace da goyo, ba dangi a hanya ba sani. Abin da ya kawo su bakin kogin nan, ƙofofin mutane ne da suka yi ta buɗewa, mutanen da ba su san su ba, ba su ma jin harshensu. Ya ce garin nan kaf 'ya'yan baƙi ne, shi ya sa ba a sa wa diwan sakata da rana, shi ya sa da azumi muke shimfiɗa tabarmi a bakin titi muna tare motoci, sai matafiya sun sauko sun sha ruwa da mu. Baƙonka annabinka, in ji shi, kuma bai ga ranar da zai fara tambayar baƙo takardarsa ba.

"Ɓarawo ba ya sallama, Uwata."

"Na intanet yana yi, Baba. Ya fi kowa iya ta."

Na ce abu ɗaya nake roƙo, ya yi mini alkawari duk akwatin da ya fito zai danna na sokewa. Ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ya san hannunsa ba zai cika ba. In ya ga an roƙe shi, kafin ya yi tunani ya riga ya ba da. Gara dai in tafi da abina, kowa ya huta. A nan na san na gamu da ɗalibin da ya fi ƙarfina. Tunda ba zan iya canza mai gida ba, sai in canza masa ƙofa.

Ranar hutu na shiga mota zuwa Sinnar wurin wata abokiyata da ke koyar da kwamfuta a sakandare. Da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce Allah ya ba mu zuciya irin ta tsohon nan. Tana da burauza iri-iri a filas, domin a lokacin saboda takunkumi wasu manhajojin ba sa saukuwa a ƙasarmu, ka danna su ce ba da ku ba, sai dai hannu da hannu. Ba ma kiransu da sunayensu, da hotonsu muke kira: akwai Mai Ƙwallo mai launi-launi, akwai Mai Jan Zobe, akwai Mai Yanyawa.

Kafin komai sai da muka yi shara. Muka bi baƙin Baba ɗaya bayan ɗaya muna sallamarsu. Wasu da an ce su tafi sun tafi, wasu kuwa ka cire su, ka kashe ka kunna, ka tarar sun dawo sun shimfiɗa tabarma. Waɗannan sai da muka sa musu manhajar kashe ƙwayoyin cuta. Muka wuni a kai, shayi ya bi shayi.

Sannan aka zo zaɓe, nan kuwa muka kusa ɓatawa. Ita 'yar Mai Ƙwallo ce ta gidi, ta ce duk wanda ya waye ita yake amfani da ita, ga sauri ga tsabta. Gaskiyarta, da sauri kam, sai dai tsohuwar kwamfutata ta ɗauki zafi, fankarta na kuka kamar injin niƙa, kuma da muka je ɗauko mata abin tare talla sai aka ce ƙasarmu ba ta ciki. Ni kuma zuciyata na kan Mai Jan Zobe, don ita ce a wayata, ba ta cin data, ko intanet na jan ƙafa tana buɗewa. Muka gwada ta da shafin tafsirin, rubutu ya fito tas, amma muryar malamin sai ta riƙa yankewa, ya ce kalma ɗaya ya tsaya. Na san tsofaffin nan, ba za su jure a riƙa katse musu malami ba. Mai Shuɗi dai ba wanda ya ko ambace ta.

Mai Yanyawa ce ta rage. Tana da nawar tashi, sai ka danna ka gyara zama kafin ta buɗe. Amma ta karɓi ɗan ƙarin nan mai tare talla ba gardama, ta kuma yarda a hana tagogi buɗe kansu. Muka shiga shafin tafsirin, ga rubutu, ga murya, ba maganin ƙiba ba motar da muka ci. Abokiyata ta ce ga doki na bari na ɗauki jaki. Na ce mai ciwon gwiwa ai jaki ya fi masa, ni ba tsere na zo ba, wadda za ta yi shiru nake nema. Ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta ƙyale ni.

Muka mai da shafin malamin ya zama shi ne farkon buɗewa, muka ƙara girman rubutu, muka ɓoye Mai Shuɗi inda ko ni sai na nema. Abokiyata kuma ta buɗe wa Baba nasa ɓangaren a kwamfutar, inda ba abin da zai iya shiga ya zauna sai da kalmar sirri, kalmar kuwa tana wurina. Da na dawo gida na yi kwanaki ina kwaikwayon Baba a bakin tagar diwan in ya yi barcin rana. Duk abin da na gani sai in danna da zuciya ɗaya, kamar yadda zai yi. Ba wanda ya fito ya roƙe ni komai.

To kwamfuta ta gyaru, amma diwan na nan wayam, Baba kuwa ya ce ko inuwarta ba ya son gani. Gyaran da ya rage ba na filas ba ne. Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na yafa mayafina na tafi gidan Liman, na shiga ta wurin matarsa, wadda nake kira Gwaggo. Ita ta yi mini iso. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Allah gafarta Malam, na zo ne a kan maganar Baba. Na kwashe komai na faɗa masa, da akwatunan da muwafik ɗin, ba tare da na san yadda zai ɗauka ba.

Liman ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi wa zan ba labarin akwatunan nan? Ai a gabansu suke fitowa. In rubutun ya yi ƙanƙanta shi ne ma ke karanta wa Baba, sauran su ce ba shi izini mana, Alhaji, ya jira da yawa. Wani lokaci har yaba ladabin masu rubutun suke yi. Ashe ba Baba kaɗai ba ne, majalisa guda ce ta taru ta yi ta karɓar baƙi. Ya ce ba wanda ya zargi Baba da komai, wanda ka sani tun kuna wanke allo ba hoton 'yan rawa ne zai canza maka shi ba. Ya tashi da sauri ranar ne don kada Baba ya sha wahalar kallon fuskokinsu. Da suka ga bai fito masallaci ba sai suka ce kunya ce, a ba shi lokaci, in ya huce zai aiko. Su suna jiran ya kira, shi yana jiran ƙasa ta tsage ya shige.

"Ɗiyata, tahi ki ce ma innarki ta ɗora kofi," in ji shi.

Na dawo ban faɗa wa Baba komai ba. Yana barcin rana na lallaɓa na ajiye kwamfutar a bakin taga, na jona modem, na rufe ta da ƙyalle. Ana idar da la'asar sai ga sallama a ƙofa, Liman a gaba, sauran a bayansa, har da wanda bai cika zuwa ba. Ina laɓe a bayan ƙofar cikin gida ina leƙe. Baba ya zabura yana laluben hula, ya amsa, ya shiga gyara musu tabarmi yana ta sannu da zuwa ba tare da ya dubi idon kowa ba. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi ruwan gona. Ba wanda ya ɗauko zancen ranar nan. Liman ya gyara zama, ya nuna ƙyallen da haɓarsa.

"Alhaji, ina munka tsaya? Kan haƙƙin maƙwabci muke, in ban manta ba."

Baba ya juyo ya dubi ƙofar da nake. Na rage murya na ce, "Yanyawar za ka danna, Baba, ita kaɗai." Ya yaye ƙyallen, ya buɗe murfin. Ya danna. Mai Yanyawa ta yi nawarta da ta saba, ni kuwa a wannan ɗan jiran ba addu'ar da ban karanta ba. Sai muryar malamin ta fito, ita kaɗai.

A tsaye na yi karatun nan duka, ban iya zama ba. Mahaifiyata na ta yi mini alama in zo in ɗauki jabana in miƙa, ina ce mata ta dakata. Har aka shafa ba abin da ya faɗo. Can gardama ta tashi a kan wata kalma kamar yadda aka saba, sai na ji dariyar Baba ta fi ta kowa ƙarfi. Da aka kira magariba ya ɗauki sandarsa ya bi su masallaci, gwiwar ta warke.

Da ya dawo ya kira ni. Ya ce ya lura yau ba wanda ya nemi izini, ina suka shiga? Na ce na sa mai gadi a ƙofa, shi ke sallamarsu tun daga waje. Ya ja carbi, na ɗauka faɗa zai yi.

"To, ba laihi," ya ce. "Amma ki gaya mishi, in ya ga mai buƙata ta gaskiya, kar shi hana shi shigowa."

Na ce zan gaya masa.

Kwamfutar nan ta daɗe da mutuwa, kuma tun daga lokacin na canza burauza ban san iyaka ba. Ita kanta Mai Ƙwallon da na ƙi, daga baya na yi shekaru da ita a wata kwamfutar, muka zauna lafiya. Shi ya sa in aka tambaye ni wacce ta fi, nakan ce a fara gaya mini wa zai zauna a gabanta. Majalisar Baba kuwa ta ci gaba shekara da shekaru, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu suka maye gurbinsu, shi yana tsakiya yana zuba kofi.

Na koya wa yara da yawa karatu, amma ban iya koya wa mahaifina cewa a'a ba, kuma yau ina jin daɗin da ban iya ba. Ni dai in akwati ya fito yana neman izini, sokewa nake yi kamar kowa, ba na ko gama karantawa. Sai dai har yau ban taɓa dannawa ba tare da na ji bakina ya ce masa ya yi haƙuri ba.